Wa Ke Buɗe Mini Durowa?

Shekarar da aka mayar da ni wata makarantar 'yan mata a bayan Ƙofar Kaura, na ɗauko wani wasa da ya so ya ɓata ni da mutane. Kowace Litinin nakan liƙa takarda a allon sanarwa na ɗakin malamai. Layi ɗaya nake ja a kwance, in jera ɗigo-ɗigo, wasu a saman layin, wasu a ƙasansa. Kowane ɗigo gaɓa ɗaya ce ta magana: na sama murya ta hau, na ƙasa murya ta sauka. Mai wasa zai gano karin maganar da ɗigon ke faɗa, ya rubuto mini a 'yar takarda, ranar Juma'a in faɗi amsa.

A wurin kawuna na samo abin. Makaɗin kalangu ne, mahautan Babbar Kasuwa ya yi wa kiɗa har ya bar duniya. Shi ya nuna mini cewa kalangu ba ya furta harafi, hawa da saukar murya kawai yake bi. A matse igiyoyinsa a hammata sauti ya hau, a sassauta ya sauko. Wuya na jiki, sama ne sannan ƙasa. Wuya ta wahala kuwa, ƙasa ce sannan sama.

Haɗa wasan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai in yini ina rera karin magana ɗaya, ina ƙwanƙwasa murfin tukunya, don in tabbata babu wata da ta yi kari iri ɗaya da ita. In na gama sai in rubuta ɗigon da amsarsa a wani littafi, in jefa a durowar teburina, wadda makullinta ya daɗe da lalacewa.

Mutum biyu ne ba sa kuskure. Ɗaya babban malamin Hausa ne, dattijo, Alhaji, wanda ya koyar da rabin malaman ɗakin. Shi sai Laraba yake kawo tasa amsar, kuma ban taɓa mamakinsa ba. Ɗayar malamar lissafi ce, Kirista 'yar Filato, wadda teburinta ke manne da nawa. Ita tun ranar Litinin, kafin a buga ƙararrawar tara, ta ajiye mini amsa.

Abin ya tsaya mini a rai. Hausar da ba a nono ta sha ba, ta yaya za ta riga kowa? Sai na fara lissafi. Ita ke fara zuwa makaranta, domin mijinta na sauke ta kafin ya wuce ofis a GRA. Wata rana kuma na tarar da littafin a kife, alhali ba haka na ajiye shi ba. Na saƙala tsinken tsintsiya a bakin durowar, washegari na same shi a ƙasa. Daga nan na rage mata gaisuwa. Gwaten accan da takan zubo mini ma na fara cewa na ƙoshi. In ta sunkuya ɗaukar jakarta, hannunta nake bi da ido.

Sai na ɗana tarko. Na zana ɗigo takwas na "sannu ba ta hana zuwa": ƙasa, sama, sama, ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. A littafin kuwa na rubuta amsar ƙarya, "ruwa ba ya tsami banza". Gaɓoɓinsu ɗaya, amma duk mai kunne ya san karinsu ya sha bamban.

Ranar Litinin ɗin na zauna ina yi kamar ina duba aikin ɗalibai. Ta tsaya gaban allon, tana buga cinyarta da yatsa, leɓɓanta na motsi. Can ta dawo ta miƙo mini takarda. Amsar gaskiya ce.

Na tambaye ta yadda take yi. Ta ce ita ke koya wa mawaƙan cocinsu waƙa da do-re-mi, don haka sai ta ɗauki ɗigon ƙasa a matsayin do, na sama a matsayin mi, ta yi ta rerawa har kalmomin su faɗo mata. Ta rera mini a hankali, na ji maganar ta fito kamar a bakin kalangu. Sannan ta dube ni ta ce, "Malama, kwana biyu gaisuwarki ta gajarce. Na yi miki wani laifi ne?"

Na ce ciwon kai ne ke damuna.

Kunya ta kama ni, amma zargin bai sake ni ba. A hanyar gida zuciyata cewa take yi, wa ya sani ko ta gano tarkon ne ta kauce masa? Tsinken dai ba da kansa ya faɗi ba.

Ranar Laraba Alhaji ya zo kamar kullum. Muka gaisa, ya tambayi maigida da yara da gajiyar aiki, ya ajiye takardarsa a ninke. Bayan ya fita na buɗe. "Ruwa ba ya tsami banza." Na karanta har sau uku, ina jin kamar ni aka kama.

Kwana biyu ina neman mafita. Na yi tunanin cire takardar da ke allon in ce na yi kuskure a ɗigon, amma malamar lissafi ta riga ta san daidai ne. Ranar Juma'a na faɗi amsar gaskiya, ban ambaci wanda ya ci ko wanda ya faɗi ba. Alhaji ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

"Mi kika ce amsar?" ya tambaya.

Na maimaita.

"Haka ne," ya ce. "Kunnen tsoho sai a hankali, ɗiyata."

Bai ƙara shiga wasan ba, ni ma ban gaya wa kowa ba. Gaisuwarmu ta ci gaba da tsawonta, sai dai kowa na kallon gefe. Har ya yi ritaya ban san ko tun farko yake leƙa littafin ba, ko kuwa sai da jinsa ya fara rauni.

Malamar lissafi kuwa ban iya buɗe baki na ba ta haƙuri ba. Abin da na iya shi ne na roƙe ta mu riƙa haɗa wasan tare. Ita ta kawo shawarar a ja ɗigon doguwar gaɓa ya zama 'yar sanda, don a ga tsawon bugu, ba hawa da sauka kaɗai ba. Wasan ya ƙara daɗi, har 'yan aji shida suka roƙa a riƙa liƙa musu nasu a baranda.