Doña Felipa da tallan ranar Alhamis

Shekara ashirin da shida Doña Felipa Arispe ta yi a ofishin tura ɗalibai sanin makamar aiki, a wata jami'a da ke Cochabamba. 'Yar mai gyaran takalma ce daga Quillacollo, karatunta bai wuce sakandare ba, amma babu kamfanin da ba ta san halin masu shi ba. Duk takardar neman ɗalibai sai ta bi ta hannunta kafin a manna ta a allon sanarwa.

Ni aka ɗauko in gina shafin intanet da zai maye gurbin allon. Sunana Wilder, amma Injiniya take ce mini, da wata murya da ba ka gane girmamawa ce ko ba'a.

Wata uku ta yi tana gasa mini aya a hannu. Kullum sai ta gwada shafin a tsohuwar wayarta.

"Injiniya, yaranmu a mota suke neman aiki, a tsaye, hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe. Abin da babban yatsa ba zai iya ba, cire shi."

Tambayoyi goma sha tara na rubuta, ta mayar da su biyar. Abu ɗaya ne ban bi ta ba. Ta so kowane talla ya jira amincewarta, shugaban tsangaya kuwa sauri yake so. Na bar kamfanoni su saka da kansu.

Ranar Litinin muka buɗe shafin. Ranar Alhamis, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, ta kira ni teburinta. Abincinta na gefe, ba ta taɓa ba.

"Karanta wannan."

Wani kamfani ne ke neman ɗalibai mata, ganawa ƙarfe biyu da rabi, a wani gida kan hanyar Sacaba.

"Sabon kamfani ne, Doña. Me ya faru?"

"Sunan ne sabo. Lambar wayar na san ta. Shekara tara da suka wuce na tura masa yarinya da hannuna. Ta dawo rigarta a yage, ba ta sake taka jami'ar nan ba. Su nawa suka nema?"

Na duba. Huɗu ne.

Muka raba lambobin wayarsu. Uku suka ɗauka, muka ce kada su je. Ta huɗun, Jhoselin Ticona, wayarta a kashe. Doña Felipa ta sunkuci jakarta.

"Tashi. Kai ka buɗe ƙofar nan, tare za mu."

A tasi na kira 'yan sanda, suka ce babu mota a kusa. Muna isa wata gada muka tarar masu zanga-zanga sun jera duwatsu a titi. Biyu da kwata ta yi. Direban ya kashe mota, ya ce ko shugaban ƙasa ne sai ya jira. Doña Felipa ta fita kawai, ta kama tafiya a ƙafa. Shekararta hamsin da tara, gwiwarta ɗaya na ciwo, amma da kyar nake cim mata.

Ƙofar gidan ta ƙarfe ce koriya, babu allon suna. Biyu da minti arba'in. Ta shiga bugawa da tafin hannu, ba ta tsaya ba har maƙwabta suka leƙo. Wani mutum mai furfura, sanye da kwat, ya buɗe kaɗan.

"Uwargida, lafiya? Aiki muke."

"Ka tsufa, amma ban manta ka ba. 'Yata na zo ɗauka."

"Babu kowa a nan."

Ya fara turo ƙofar, ta sa ƙafarta mai ciwon a tsakani. Ta ɗaga murya.

"Jhoselin Ticona! Fito!"

Mutumin ya dubi maƙwabtan, sun kai shida yanzu. Sai muka ji an ja kujera a ciki. Jhoselin ta fito rungume da takardunta, ranta a ɓace.

"Doña, me na yi muku? Ya ce zai ɗauke ni!"

"Na sani. Wuce mu tafi."

Da 'yan sanda suka zo da yamma, gidan a kulle yake, mutumin ya yi layar zana. A ranar na gyara shafin, babu tallan da ke fita sai ta gani. Kamfanoni suka yi ta ƙorafin jinkiri, shugaban tsangaya ya kira ta sau biyu, ta saurare shi da ladabi, ta koma teburinta.

Jhoselin ta samu gurbi a wani kamfanin madara, Doña Felipa ce ma ta nemo mata. Har ta gama karatu, in sun haɗu a baranda kauda kai take yi. Na ce bari in faɗa mata ainihin abin da ya faru. Doña Felipa ta hana ni.

"Ƙyale ta da fushinta. Ya fi mini sauƙi a kan in ga ta dawo kamar waccan yarinyar."