Maɗaba'ar Fo Yawovi

Shagona na ɗinki yana jikin maɗaba'ar Fo Yawovi a unguwar Be, nan Lome, bango ɗaya ya raba mu. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, tawada ta zauna a ƙarƙashin faratansa, ko ranar Lahadi ba ta fita. Tun yana ƙarami ya koyi aikin a wurin wani kawunsa a Kpalime. Da ya zo birni ya daɗe yana yi wa wasu aiki kafin ya iya sayen tsohon inji nasa na kansa. Da katin biki da takardun jana'iza ya aurar da ƙannensa, ya sa 'yarsa Sena makaranta.

Da aiki ya fara yawa sai ya yi wa shagon rajista, don manyan makarantu ba sa ba da aiki ga wanda ba shi da takardu. Rajistar ce ta zo da harajin ciniki. Duk abin da ya sayar zai ɗora wani kaso a kai, a tsakiyar wata mai zuwa ya kai wa hukuma. Matsalar ita ce makarantun ba sa biya sai ƙarshen zango, wasu ma sai an yi ta zarya, amma da zarar kaya sun fita daga shago haraji ya hau kansa.

Kowa a layinmu yana jinkirtawa. Mai sayar da fenti ya sha gaya masa cewa wannan kuɗi shi ne bashin da ya fi sauƙi, babu mai tsaya maka, babu jingina, ka juya shi wata biyu sannan ka kai. Fo Yawovi ya ƙi. Ya ce kuɗin ba nasa ba ne, ajiya ce aka ba shi. Idan makaranta ba ta biya ba, sai ya cire daga jarinsa ya kai. Matarsa Da Ablavi, wadda ke sayar da ablo, wato wainar masara da ake turarawa, da soyayyen kifi a bakin titi, takan bi shi da kallo idan ya sa farar rigarsa ya nufi ofishin haraji.

"Baban Sena, sai ka ce su suka haife ka," in ji ta. "Ka gaishe su, ka ce musu gidanka babu gawayi."

Haka jarin ya riƙa zaizayewa. Ya daina sayen takarda da yawa, ya koma saye kaɗan-kaɗan da tsada. Ma'aikatansa uku ne. Wani wata ya biya haraji bai biya albashi ba, sai Edem, wanda ya fi su iya haɗa launi, ya tafi, ya kwashi wasu masu kawo aiki ya tafi da su.

Ana dab da komawa makaranta, lokacin da ake samun cinikin shekara, injin ya tsaya. Wani ƙarfe ne ya karye, sai an kawo daga Akara. Da rana tsaka ya shigo shagona ya zauna a kan benci. Kuɗin da ke hannunsa na haraji ne kaɗai. Ya tambaye ni, in ni ne me zan yi. Na ce ni ban taɓa yin rajista ba, ba ni da bakin magana.

"Wata ɗaya ne kawai," ya ce, ba tare da ya dube ni ba.

Aka gyara inji da kuɗin harajin, aka buga littattafai, kuma babu wanda ya zo daga hukuma. Amma makaranta mafi girma da ya yi wa aiki ta rufe a tsakiyar zango, mai ita ya bar ƙasar. Wata ɗaya ya zama huɗu. Tara ta hau kan bashin, sannan wata tarar ta hau kanta. Ya je ya roƙi a bar shi ya biya sannu a hankali. Jami'ar da ta saurare shi ba ta wulaƙanta shi ba, ta ce za a iya, amma sai ya fara ajiye wani kaso mai kauri. Ba shi da shi.

Wata safiya ma'aikatan haraji suka zo suka sa kwaɗo, suka liƙa takarda a ƙofa. Yana tsaye a gefe, hannuwa a baya, har ya nuna musu inda sakatar ke cijewa.

Shagon ya shafe damina a rufe. Mu da ke kusa da teku mun san abin da iskar gishiri ke yi wa ƙarfe. Kafin Da Ablavi ta sayar da zannuwanta na aure a buɗe ƙofar, injin ya yi jajir da tsatsa, takardu sun kumbura. Masu sayen tsohon ƙarfe ne suka ɗauke shi a kan awo. Sena ta bar jami'a ta koma taya uwarta suya.

Yanzu yana Kpalime, yana noman rogo a gonar kawun nasa, ga ciwon gwiwa. Na kai masa ziyara bara. Wani saurayi mai shagon walda ya bi ni, yana son ya ji ko ya jinkirta nasa harajin, don shi ma an riƙe masa kuɗi. Fo Yawovi ya saurare shi har ya gama.

"Ƙanena, na biya a kan lokaci na rasa ma'aikata, na jinkirta na rasa inji. Ban san wanne zan ce ka yi ba."

Muka ci fufu, ya rako mu bakin hanya yana ɗingishi, ya koma kafin mota ta zo.