Igiyar Jakin Kaka

Tun ranar da dangin Sani suka janye maganar aurenmu, tatsuniyar jakin Kaka ta ƙi barin kaina.

Muna yara a McLeansville ta Amurka, duk huɗu ga Yuli, ranar 'yancin ƙasar, Baba kan gasa nama a bayan gida. Maƙwabta na harba wasan wuta, mu muna tsalle muna ihu da Turanci. Kaka, mahaifiyar Baba da aka ɗauko daga garin Tawa na Nijar, ko kallon sama ba ta yi. Sai ta ja kujera kusa da garwashi ta ce, "Ku matso, ja'irai. Ga ta nan, in kunnenku bai manta Hausa ba."

Wai dabbobin gari ne suka haɗa kai suka kori kura, aka sa ranar biki. Jaki ya ɗauko ganguna, ya ɗauko ruwa da itacen girki, sannan aka mai da shi turke aka ɗaure. Da rawa ta yi daɗi, rago ya leƙo ya ce, "Kai ba ka murna? Mun samu 'yanci." Jaki ya ce, "Na ji kura ta tafi. Igiyar nan fa, ita ma kura ce ta ɗaura?"

Wata shekara, da rawar kaina, na ce, "Kaka, ai baƙaƙen Amurka ake nufi da jakin nan. An koya mana a makaranta, ana bikin 'yanci suna bauta a gonar auduga."

Ta ce, "Su ma. Ranar da Nijar ta samu nata 'yancin, uwata na daka wa iyayen gijinta hatsin biki, da munduwar bauta a ƙafa."

Ban gane ba sai bara. Alhaji, baban Sani, shi ke jawabi duk uku ga Agusta a fet ɗinmu, wato bikin 'yancin Nijar, yana tsine wa mulkin mallaka har jijiyar wuyansa ta tashi. Shi ɗin ne ya buga waya Tawa binciken asali, ya ce ɗansa ba zai auri jikar bayi ba. A nan Amurka fa, bayan shi da Baba sun yi shekaru suna sahu ɗaya a masallacin Greensboro. Sani kuwa ya sunkuyar da kai.

Bana ma matar Alhaji ta kira Mama, wai Mama ta dafa musu shinkafar fet kamar kullum. Na karɓe wayar na ce, "Hajiya, a gaya wa Alhaji bana ya ɗauki gangarsa da kansa."