Cediyar Dada a Cikin Baho

Wata biyu cif na yi ina fushi da wata bishiya da tsayinta bai kai gwiwata ba. Cediya ce, a cikin tsohon bahon wanki, a tsakar gidan da nake haya a Kazaure. Wanda ya ji haka zai ce ba ni da aikin yi, kuma matata Hauwa ta faɗa ba sau ɗaya ba. Amma ita kaɗai ta rage daga cediyar rugarmu ta bayan Roni, wadda kakata Dada ta dasa da hannunta. Bayan rasuwar Dada aka raba gado, wanda wajen ya faɗo masa ya sare uwar, ya tone saiwarta, ya shuka gyaɗa. Idan ta cikin bahon ta mutu, ba ni da inda zan je in yanko wani reshe.

A rugar, cediyar tana tsakanin ɗakin Dada da garke. Duk bazara, in harawa ta ƙare shanu suka fara lasar ƙasa, Baffa Sale ƙanin mahaifina yakan hau ta da barandami. Ba ya tausaya mata ko kaɗan. Kafin la'asar ya sauke kowane reshe mai ganye, shanu suna ta wawa a ƙasa, farar madara tana ɗiga daga wuraren sara. Abin da zai rage sai gangar jiki da 'yan dungulmin rassa. Na tsani wannan ranar, domin a inuwar nan muke wasa, kuma har kuka na taɓa yi.

Da magariba akan hura wa shanu wuta, a ɗora ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori ƙudaje. Duk zafin garin, Dada a gefen wutar nan take shimfiɗa buzunta, ta ce sauro ya fi ƙaunar tsoffin ƙafafu. Mu jikoki mu kewaye ta da ƙoƙunan fura, idanu na yi mana yaji. Tatsuniyoyinta suna da yawa, kuma in ka roƙe ta takan maimaita maka wadda kake so. Amma akwai guda ɗaya da ba ta bayarwa sai ranar da aka sassare cediya. Sai ta gyara zama ta ce, “Ga wata nan tafe, mai kunne ya matso.” Mu ce ta iso.

Wai an yi wata mace a gindin dutse, ba ta da kowa ba ta da komai sai saniya ɗaya da cediya ɗaya. Wata shekara ruwa ya yi jinkiri, saniya ta rame har ba ta iya tashi sai an kama mata wutsiya. Matar ta zauna a ƙarƙashin cediya tana kuka, sai cediya ta yi magana, ta ce ta sare ta ta ba saniya. Matar ta riƙa tsinko ganye ɗai-ɗai daga bakin rassa, don tana jin nauyi. Cediya ta ce wannan tsince-tsincen ba zai ƙosar da saniya ba, ita ma ba zai amfane ta ba. Ta ce mata ta ɗauko gatari ta sare ta har kafaɗa, rana ɗaya, sannan kada ta sake zuwa kusa da ita sai ta kira ta. Matar ta rufe ido ta sara. Saniya ta ci, ta miƙe, nono ya dawo. Cediya kuwa ta tsaya tsirara kamar taɓarya, ta yi shiru.

A nan Dada take tsayawa. Ta kakkaɓe zaninta, ta ce a kai mata buzu ɗaki.

Wallahi ba abin da ya taɓa ƙona mini rai ina yaro irin wannan. In bi ta har bakin ƙofa ina tambayar me ya faru, ta mutu ne ko ta rayu. Sai ta juyo ta harare ni, da yake tsakanin kaka da jikanta namiji akwai wasa, ta ce, “Kai mijin wofi, cediyar ta kira ni ne? In tamu ta yi magana, ita ma waccan za ta yi.” Na yi roƙo, na yi fushi, na ƙi shan furarta kwana biyu, na ce na sake ta. Ta ce ta gode Allah, dama mijin ba ya kawo cefane. A sauran ranakun takan ba da wasu labaran, ni kuwa in zauna nesa na juya wa wuta baya. Da safe sai in lallaɓa gindin cediyarmu in kankare ɓawonta da farce, in ga ko akwai sauran madara. Duk inda tsayina ya kai sai da na yi mata tabo.

Sai bayan makonni, ranar da jajayen toho suka ɓullo a kan dungulmin rassan, sannan Dada ta ɗora daga inda ta tsaya, kamar jiya ta bari. Ashe matar ba ta iya haƙuri ba. Ganin cediya tsirara yana cin ta, tana ganin ita ta jawo. Sai ta riƙa ɗiban nonon saniyar kullum safe da yamma tana zuba mata a gindi, tana tona ƙasa ta duba ko saiwa ta sha. Nono ya yi tsami, tururuwa da gara suka taru, saiwar wannan ɓangaren ta ruɓe. Da damina ta sauka, gefen da ke jingine da dutse ne kaɗai ya yi toho, inda hannun matar bai kai ba. Dada takan ƙanƙance murya a nan ta yi maganar cediya: “Cewa na yi ki sare ni. Ban ce ki yi jinyata ba.” Sai ta ce ta ajiye ta nan, kowa ya tashi. Ni kuwa haushi ya ƙara kama ni, don a ganina matar kirki ce aka yi wa rashin godiya.

Reshen da na yanko kafin a sare uwar bai fi sandar kiwo kauri ba. Na so in dasa shi a ƙasa, mai gidan hayar ya ce sam, saiwar cediya tana fasa siminti tana shiga masai, kuma gaskiyarsa. Shi ne na sa shi a baho. Ya kama, amma ya riƙa miƙewa siriri, duk ganyen a can sama, iska kaɗan sai bahon ya kife. A waya na ga yadda wasu mutane suke renon bishiya a ɗan kasko, suna kiranta bonsai, ta tsufa ta yi kauri da rassa amma ba ta wuce kamu biyu ba. Na ce to ga mafita. Shekara uku ina yi mata aski da almakashi, nan kaɗan can kaɗan, ita kuwa tana ƙara tsawo tana raina ni. Duk masu abin sun ce sai an datse gangar jikin gaba ɗaya, ƙasa-ƙasa, sannan za ta fito da rassa daga gindi. Bana da bazara na yi ta maza, na sa zarto na yanke ta, na bar dungu ba ganye ko ɗaya.

Daga nan haukata ta fara. Ni ɗan makiyaya ne, a gidanmu in maraƙi ya kwanta ba a barinsa, ɗura ake masa, a tashe shi, a juya shi. Haka na yi wa dungun nan. Ruwa buta guda da asuba, buta guda da la'asar, in rana ta yi zafi in ƙara da azahar. Na hau babur har Yankwashi wajen wani abokina mai shanu na ɗebo ɗanyen kashin shanu na lafta mata, don a wajenmu shi ne maganin kowace ƙasa. Ban tsaya na yi tunanin cewa bishiyar da ba ta da ganye ba ta da abin shan ruwa ba. Kuma, abin kunya, da furfurata a gemu, na koma kankarar ɓawo da farce. Hauwa tana tankaɗe tana kallona, ta ce ko jaririnmu na fari bai ga wannan hidimar ba.

Mako uku ba toho, sai wani wari da ya fara tashi daga bahon. Na juye shi a kan buhu. Ƙasar ta zama taɓo, fiye da rabin saiwar ta yi baƙi, in ka taɓa sai ta saɓule a hannu. Na zauna a kan turmi na rasa wanda zan zaga. Labarin nan na san shi tun ban iya ɗaure wando ba, na ji ƙarshensa ya fi sau goma, kuma ga shi na bi sawun matar taku ɗaya bayan ɗaya. Na yanke ruɓaɓɓen, na ƙara huda gindin bahon, na cika shi da yashi, na mayar da dungun. Na yi wa kaina alkawarin ba ruwa sai yashin ya bushe. Alkawarin ya fi saran wuya nesa ba kusa ba. Kullum in na dawo daga aiki sai in tsaya a kanta hannuwana a aljihu, ina huci, ita kuma ko oho.

Ranar Juma'ar da ta wuce na lura bahon ba yadda na ajiye shi yake ba, an juya shi, an matsa da shi jikin bango. Na tambayi Hauwa wa ya taɓa mini, murya a sama. Ta zo ta juyo shi a hankali. Can ƙasa, kusa da yashi, ga wani ɗan jan toho kamar ƙwayar dawa.

“Yau kwanansa biyar,” in ji ta. “Na ɓoye maka ne don ya samu ya yi ƙwari kafin ka gan shi.”

Na tsuguna ina kallon tohon. Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Dada a kan haƙuri take, shi ya sa take ja mana rai. Sai a tsakar gidan nan na gane nonon da matar take zubawa ba don cediya ba ne, don kanta ne, don ta samu sauƙin abin da hannunta ya yi. Ni ma duk butocin nan kaina nake yi wa magani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bishiyar da nake cewa ba wanda ya damu da ita sai ni, sai da aka kare ta daga gare ni sannan ta yi motsi.

Toho ɗaya ne tak, kuma ba a inda na so shi ba, zai iya bushewa gobe. Na ce wa Hauwa ta mayar da bahon yadda ta ajiye shi, fuskarsa ga bango. Ita take ba shi ruwa yanzu, ni kuma sai in tambaye ta.