Tsohuwar da ta riga samari isa gada

Wata rana, shekarun baya, lokacin ina sabuwar malamar makaranta, na shiga motar haya daga Zariya zan koma ƙauyen da aka tura ni aiki.

A gefena akwai wata tsohuwa, 'yar siririya, da sanda a hannu.

Tun da muka tashi ba ta zauna daidai ba. Ta leƙa taga, ta duba rana, ta taɓa kafaɗar direba.

"Ɗan nan, ƙara wuta."

Ya ƙara. Ba a jima ba ta sake taɓa shi.

Da ya tsaya shan mai, ta fita tana zagaya motar. Da wani fasinja ya ce a jira shi ya sayi rake, kallon da ta yi masa ya sa ya fasa.

Wani dattijo a bayana ya raɗa min cewa Goggo Tasalla ce, duk yankin an san ta.

Ya ce zamanin Turawa, da ake kwasar maza ƙarfi da yaji ana kai su haƙar kuza, mijinta yana cikin waɗanda aka tafi da su, kuma bai dawo ba. Ita ce ta riƙa bin ƙauyuka a ƙafa tana tara mata, suna ɓoye samari a rumbu, suna tare hanyar masu ɗiba. An yi mata bulala a tsakiyar kasuwa. An ɗaure ta. Tana fitowa ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Bayan Turawa sun tafi, sai ta koma sulhu. Rikicin gona, rikicin mashaya, duk inda aka zare ido, ita ake aika wa.

Sannan ya ƙara rage murya. Jiya an yi faɗa kan fadama tsakanin garin su Goggo da garin da ke hayin rafi. An kashe jikanta, Mamuda. Tana asibiti a Zariya labarin ya same ta, ta tattara kayanta ta fito ba sallama.

Na dafa hannunta na ce, "Goggo, ki yi haƙuri. Ko an kai shi kafin ki isa, addu'arki za ta same shi."

Ba ta ɗauke ido daga hanya ba. Ta ce, "'Yata, Mamuda ya riga ya tafi. Waɗanda za su taso daga maƙabarta nake so in riga."

Daga nan babu wanda ya ƙara ganin laifin gaggawarta.

Mun iso wata 'yar gada da ta raba garuruwan biyu, sai ga ƙura daga gangare. Samari ne, da adduna da gora da jarkar fetur. Ko ƙasar kabari ba su wanke daga hannu ba.

Kafin mota ta gama tsayawa Goggo ta buɗe ƙofa.

Ta taka har tsakiyar gadar. Ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, ta gitta sandarta.

Wanda ke gabansu ƙanin mamacin ne, Sale. Idanunsa jawur. Ya tsaya a kanta yana huci.

"Goggo, ki tashi. Ke da kika tsaya wa Bature, yau ke ce za ki hana mu ramawa?"

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Na tsaya wa Bature ne don a daina kwashe min 'ya'ya. Yanzu ya tafi, sai in zauna ina kallo ku karɓi aikinsa? In za ku wuce, ta kaina za ku bi."

Na bayan suna turo na gaba, na gaban sun kasa ɗaga ƙafa.



Can addar ta suɓuce daga hannun Sale. Ya durƙusa, ya kifa kansa a gwiwarta yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ta riƙa shafa ƙeyarsa, amma idonta na kan sauran, har sai da mai jarkar fetur ya ajiye ta.

Na ɗauka za ta bi su gida ta zauna karɓar gaisuwa.

Sai ta dogara sanda ta miƙe, ta juya ta nufi hayin rafi, garin da aka kashe mata jika, ita kaɗai.

Direba ya ja mota. Ina waiwaye har ta ɓace min.

Daga baya na ji cewa kafin la'asar dattawan garin hayin rafin da kansu suka miƙa wanda ya yi kisan ga hukuma. Ba a ƙona gida ko ɗaya ba. Sai bayan nan ta je ta zauna a ɗakin uwar Mamuda, ta yi kukanta.

Darasi: Ƙin zalunci ba ya ƙarewa ranar da azzalumi ya tafi. Wani lokaci jarumtar da ta fi wuya ita ce ka tare naka, alhali kai aka fi yi wa ciwo.

Idan ka san wani da ransa ke tafasa yau, tura masa wannan kafin ya fita daga gida.