Ruwan Zafin da Ya Dawo da Norman Gida

Kafin mai burodi ya buɗe shago, motar Lorna Heslop ta riga ta tashi. Duk mun san tarin motar nan. Lorna kan zauna a ciki da kofin shayi a kan gwiwa tana sauraron saƙonnin da aka bar mata a waya, kuma kusan duk magana ɗaya ce: "Lorna, ruwa ya ƙi zafi." A ƙauyenmu na tsofaffin masu haƙar kwal a arewacin Ingila, inda sanyi ke ratsa ɓargo, wannan ba maganar wasa ba ce. Ita ke gyara mana tukunyar gas da ke ɗumama ɗakuna da ruwan famfo, tun gashinta na ja har ya koma fari. Ƙarshen watan nan za ta ajiye sifana, don gwiwoyi sun ce sun gaji.

Ba ta shiga gida ta hau kwance-kwance. Famfo take fara buɗewa, ta dafa bututu, ta karkata kai. In ka cika ta da surutu sai ta ce, "Yi mini shiru, tukunya na magana." Kuma ba ta manta tukunyar da ta taɓa, ko da an cire ta an yar. Wannan halin ne ya ceci Norman Teasdale a sanyin bara.

Norman ya zame a bakin ƙofarsa, ƙugu ya karye. Asibiti suka ce ranar Juma'a za a sallame shi, amma sai jami'ar kula da tsofaffi ta duba gidan tukuna. Ta zo ta buɗe famfo, ruwa kamar ƙanƙara. Ta ce wa 'yarsa Bev za ta sake leƙowa Juma'a da safe. In har babu ruwan zafi, gidan tsofaffi na cikin gari za a kai shi, na ɗan lokaci. Mun san wannan ɗan lokacin. Norman ma ya san shi, shi ya sa ya daina cin abinci. A gidan nan matarsa ta rasu, kuma a bayansa yake renon albasar da yake kaiwa gasar ƙauye duk shekara.

Lorna ta iso ranar Alhamis ana yayyafi. Ta dubi allurar da ke nuna ƙarfin ruwa, lafiya lau. Ta leƙa wutar, shuɗiya tsaf. Ɗakuna sun yi ɗumi. Ta ce Bev ta buɗe famfo, ita kuma ta kama bututun da ke zuwa ɗakuna. Nan take ya ƙara zafi a hannunta.

"Na kama ɓarawon," in ji ta. "Akwai bawul da ke raba zafi tsakanin ɗakuna da famfo. Ya maƙale, komai ɗakuna yake turawa."

"To a canza shi mana."

"Masu ƙera shi sun daina tun kina makaranta. Sabuwar tukunya kuwa sai bayan sabuwar shekara."

Bev ta zauna a kan kujerar babanta ta rufe fuska. Can sai Lorna ta daki cinya. Ta tuna ta taɓa saka sabon bawul irin wannan a wata tukunya, ba a jima ba mai ita ya sa ta cire ta. Mai tukunyar kuwa Cyril Pattinson ne.

A ramin kwal ɗaya Cyril da Norman suka yi aiki, amma tun da gasar albasa ta shiga tsakaninsu ba sa ga maciji. Lorna ta sami Cyril a lambunsa.

"Yarinya, me ya kawo ki da sifana?" Haka yake kiranta, ita da ke da jikoki.

"Tsohuwar tukunyarka. Na san ba ka yar ba, kai da ko igiyar takalmi ba ka yarwa."

"Wa za a ba?"

"Norman."

"Norman? Mutumin da ya ce da allura nake ɗura wa albasata ruwa?"

"Shi fa. In babu ruwan zafi gobe, gidan tsofaffi zai tafi. Ka ga ka huta. Baɗi ka shiga gasa kai kaɗai, ka ci, ka tafa wa kanka."

Cyril ya dubi kunyoyin albasarsa. Sannan ya ce, "Wa zan kayar ke nan? Juya baya. A cikin tukunyar nake ɓoye irin albasata, ke kuma bakinki ba shi da ƙofa."

Da idonmu muka gani, mu da ke bakin taga: Cyril, da tsufansa, yana tura baro da tukunya a ciki, Lorna na biye tana roƙonsa ya bari ta kama, yana cewa ta kiyaye shi. Kafin su kai ƙofar Norman rabin layi ya fito. Wata ta kawo shayi, wani ya kawo shawarar da ba a tambaye shi ba. Lorna ta durƙusa kan gwiwoyin nan masu ciwo, ta cire, ta ɗaura, ta bi kowace mahaɗa ta tabbatar gas ba ya yoyo. Sai ta ce, "Bev, buɗe."

Ruwa ya zubo da sanyinsa. Sai tukunya ta yi gurnani, tururi ya tashi daga famfo. Bev ta leƙa ta taga tana ihu, layi ya ɗauki tafi, ni kaina sai da na share ido.

Ranar Juma'a jami'a ta sa hannu a ruwan ta janye da sauri. Da aka kawo Norman, bai zauna ba. Ya ja sandunansa har kicin, ya tara hannuwa a ƙarƙashin famfo, ya daɗe a haka. Da ya ji inda bawul ya fito, ya waiga ya ga Cyril a bakin ƙofa.

"Aro ne," in ji Cyril. "Ranar da ka mutu zan karɓi abina."

"To za ka daɗe kana jira."

Bana Norman ne ya ci gasar. Har yau Cyril na bin Lorna yana cewa ta je ta kwance masa bawul ɗinsa.

Lorna, ke ce mai kunnen jin ƙarfe. Ke ce kika san a wane lambu maganin kowane gida yake, kika kuma san yadda ake roƙon mai taurin kai ba tare da an roƙe shi ba. Mun gode, mu da kika shiga gidajenmu muna rawar sanyi kika fita muna zufa. Ku kuma masu tasowa a sana'ar nan, kafin ku ce tukunya ta mutu a kawo sabuwa, ku dafa bututu ku saurara, ku tambayi wa ke jiran ruwan. Je ki huta da gwiwoyinki, Lorna. Norman yana gidansa, kuma kullum da safe tagar kicinsa na yin tururi.