Kujerar da Ta Juya wa Majigi Baya

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Isiyaka makwancinsa, amma har yau idan na bi ta layinsu a unguwar New Bell ta Douala sai na rage tafiya a ƙofar gidan, kamar zai leƙo ya ce in jira shi ya sa takalmi. Tare muka tashi a unguwar Hausawa, tare muka yi allo da boko, daga baya muka tsinci kanmu muna koyarwa a jami'a ɗaya, ni tarihi, shi adabi. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san ba bare ne ke magana ba. Kuma ba zan ɓoye ba, kishi ne ya sa na ɗauki alƙalami bana.

A zamaninmu babu sashen nazarin fim. Isiyaka ne ya ƙirƙiro darasin da roƙo da naci, yana aro malamai daga nan da can kamar mai haɗa kayan miya: ni daga tarihi, wata baiwar Allah daga ilimin zamantakewa, wani lokaci har da malamin kiɗa. Sai a ja labule a sa fim ɗaya, idan ya ƙare kowa ya feɗe shi ta ɓangaren da ya sani. Manya suna yi mana dariya, wai mun buɗe gidan silima a jami'a. Ni na raka shi ofis-ofis, ni na riƙa yi masa Faransancin lallashi, don shi da ransa ya ɓaci sai ya ɓarke da Hausa.

Yana da wata kujerar katako da ya saya a babbar kasuwa, Marché Central, ya ɗauko ta a ka bisa babur har makaranta. Da an kunna fim sai ya ajiye ta ƙarƙashin allon majigi, ya juya wa allon baya, ya fuskanci ɗalibai. Yakan ce fim ya riga ya gani, fuskokin ne bai gani ba. Inda ɗan Arewa ya sunkuyar da kai, ɗan Kudu kuma ya fashe da dariya, nan yake fara darasi. Ni kuwa wurina ƙarshen layin gaba, dab da shi, idona ƙyam a kan allo ina farautar kuskure: hular da ba a fara ɗinka irinta ba a lokacin, bindigar da ta riga zamaninta zuwa.

Yau akwai sashe guda, da ɗaki mai na'urar sanyi, da kyamarori, da malamai daga fannoni daban-daban waɗanda ba sai an roƙe su ba. Shugabar sashen Dakta Ramatu ce, tsohuwar ɗalibarsa, 'yar wani mai sayar da atamfa, wadda na sani tun tana shigowa aji a makare da jiƙaƙƙen gyale. Bana suka shirya ranar tunawa da Isiyaka. Ita ce mai jawabi. Na karanta sanarwar daga sama har ƙasa, na sake karantawa da tabarau, babu sunana. Wannan duk mai sauƙi ne. Kujerar nan, wadda na shekara ina zagaye-zagayen maganarta duk sanda na je gaishe da iyalinsa, ashe Hajiya Asabe, matarsa, ta ba Ramatu. Da na kasa haƙuri na tambayi Hajiya, sai ta ce, "Haba Malam Garba, kai ai zama kawai za ka yi a kai. Ita kuwa aiki za ta yi da ita." Na yi dariyar yaƙe, na koma gida ban ci abinci ba.

Nakan tambayi kaina me Isiyaka zai ce da ya ga yau. Ɗalibi ya toshe kunne, ya duƙa kan waya, yana kallon fim shi kaɗai a bayan babur, ya tsallake duk inda ya gundure shi. Fuskar wa malami zai karanta? Ina jin da zai yi faɗa na mako guda, sannan a gan shi a bakin titi yana leƙen fuskokin masu wayar. Kuma na san da zai yi alfahari da Ramatu, ya riƙa kiran sunanta a kowane zama har ya ishi mutane. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Ranar taron na tafi da niyyar in zauna can baya in ƙirga mata kurakurai. A bakin ƙofa ta tare ni, ta rusuna ta ce, "Baba, s'il vous plaît, don Allah, wurinku yana nan." Ta kai ni ƙarshen layin gaba. Sannan ta jawo kujerar, ta juya wa allo baya, ta ce wa ɗalibai, "Marigayi ya koya mana cewa idan fim na zamanin da ne, ido ɗaya a allo, ɗaya a kan Malam Garba. In ya soshi gemu, fim ya yi ƙarya. In ya matso bakin kujera, ku rubuta wurin. Shi kansa marigayin rabin lokaci Malam Garba yake kallo, yana murmushi." Ɗakin ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba.

Aka ja labule, aka kunna fim, kuma a karon farko a rayuwata ban kalli allo ba. Kujerar na kalla. Duk shekarun nan aminina yana zaune kusa da ni har ina jin ƙamshin turarensa, yana kallona, ni kuma ina can ina neman hular da ba daidai ba.

To me ya rage na Isiyaka? Sashen yana nan, kujerar tana hannun da ya dace, ko da yake bakina ya yi nauyi kafin in faɗa. Sunana a sanarwa kuwa ya daina damuna. Amma kishin bai tafi ba, wuri kawai ya sauya. A ofisoshi da kasuwannin Douala akwai mutane da yawa da suka zauna a ajin nan, kowannensu ya san yadda fuskar Isiyaka take idan yana kallona. Ni kaɗai ne ban sani ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa in mun haɗu in waiwaya.